Idon da Na Kashe Miki

Tindvika, tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga 'yata Ingunn, Dokta a fannin teku,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ruwan saman Bergen bai narkar da ke ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana nan tana yi min hasashen yanayi, kuma ta fi rediyo faɗin gaskiya. Hawan jinin mamanki ya sauka, sai fa idan na buɗe baki.

Kada gabanki ya faɗi don kin ga wasiƙa, ba wanda ya mutu sai wayata. Ranar Talata na ciro wani ƙaton kifin skrei mai kai kamar na ɗan maraƙi. Maimakon in jefa shi a akwati kamar mai hankali, sai na ce bari in ɗauki hoto in tura wa abokin sana'ata Oddvar ya ji haushi. Kifi a hagu, waya a dama, ina neman ɓangaren fuskata da ya fi kyau, igiyar ruwa ta ɗan taɓa jirgin. Ina cikin shawarar wanda zan riƙe, teku ta yanke min: ta karɓe duka biyun. Yanzu haka akwai wani kifi a ƙasan ruwa da lambarki. In ya kira, ki ce ba na nan.

Mamanki ta ce ba za a sayi wata wayar ba sai na yi hankali, wato dai ki saba da rubutuna. Kin san ni da makaranta rabuwar arziki muka yi tun ban fara aske gemu ba.

To, ga abin da ya sa na zauna. Kafin wayar ta tafi aikin su, na ga saƙonki na ƙarshe, inda kika ce taswirar da cibiyarku ta yi wa ƙaramar hukuma ta fito, kuma an keɓe ruwan da ke bayan Tsibirin Tumaki. Ingunn, sai da na karanta wa mamanki shi a tsaye. Na ce mata, kin gani ko? Yarinyar nan ta gane. Karatu bai wanke mata jinin masunta ba. Ranar da kika shimfiɗa takardarki a kan teburinmu bara da bazara, na san kin ɗauki abin da nake nufi, ko da yake bakina bai faɗa ba.

Washegari na sayi kek a shagon bakin tasha, na ce kowa ya ci, 'yata ta kare wa masunta ruwansu daga mutanen birni. An ci, an yi min tafi. Oddvar ma ya ci yanka biyu, sai dai ya riƙa kallona irin kallon da yake wa injin jirginsa idan ya fara wani sauti. Da zai fita ya tambaye ni wai an keɓe wa wa. Na ce masa hassada ce za ta kashe shi.

Amma tun da ya faɗa, kalmar ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi. Ki rubuto min da manyan baƙaƙe yadda zan nuna masa: mu aka keɓe wa, ko ba haka ba?

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa hula.

Babanki,
Torleif

*

Bergen, ƙarshen Fabrairu

Baba,

Na gaishe ka da Mama. Ina lafiya, aiki ne kawai ya yi yawa. Na yi dariyar wayar har abokiyar ofishina ta leƙo. Ka daina ɗaukar hoto a kan ruwa, don Allah.

Kek ɗin bai tafi a banza ba, amma ka juya maganar. Ruwan bayan Tsibirin Tumaki kamfanin kiwon kifi aka keɓe wa, a nan za su kafa kejinsu idan majalisa ta amince. Dole a ba su wani wuri, mu kuma aikinmu shi ne mu nuna inda ba zai cuci kowa ba. Kai ka ce min babu komai a can sai ciyawa da duwatsu masu yaga raga. Wurin da aka hana kowa taɓawa shi ne Tukunya, wurin kamun kifin gidanmu, daidai inda ka zana min da'ira a yamma da hasumiyar fitila. Wannan na masunta ne, ba keji, ba komai.

Ba da sauƙi aka samu ba. Ƙananan jirage irin naku ba su da na'urar da ke nuna inda suke yini, saboda haka babu shaida sai ta baki. Sauran masuntan ƙauyenmu kuwa duk wanda na miƙa wa fensir sai ya ce in tambayi Torleif. Shugaban aikinmu ya so a cire da'irarka, ya ce maganar mutum ɗaya ba ta isa a gina taswira a kai ba, kuma masunta ba sa faɗin inda suke kamu. Na tsaya a gaban kowa na ce wannan mutum ɗaya mahaifina ne, ya yi su a ruwan nan duk rayuwarsa, kuma ni ba baƙuwa ba ce da zai ɓoye wa. Da haka aka bar ta. Har ma aka ɗauki hanyar da na bi don sauran ƙauyukan gaɓar.

Ban gane abin da kake nufi da cewa na ɗauki abin da bakinka bai faɗa ba. Wani sabon barkwancin ne?

Ka gaya wa Oddvar Tukunyarka ta tsira.

Ingunn

*

Tindvika, farkon Maris

Ingunn 'yata,

Ina gaisuwa. Lafiya muke, in dai ana kiran wanda ba ya iya haɗiye abinci mai lafiya. An yi dusar ƙanƙara, an kwashe. Kifi yana nan da yawa, an fara rataye shi a katako don ya bushe. Kyanwar maƙwabta ta haihu. Kin ga ina ta kewaye-kewaye kamar jirgin da ya rasa wurin ɗaurewa, saboda abin da zan faɗa ba ya son fitowa.

Tukunya ba ta yamma da hasumiyar fitila. Tana bayan Tsibirin Tumaki.

Na ajiye biro na fita na dawo, jimlar tana nan ba ta gudu ba, to bari in ci gaba.

Kin tuna ranar? Kin shimfiɗa taswira, mamanki tana soya waina, sai ga Oddvar ya shigo aron wani abu, ya ji ƙanshi, ya ja kujera ya zauna da kofi daidai kafaɗata. Kika miƙo min fensir kika ce in nuna miki Tukunya. A gaban Oddvar. Ko birni ya mantar da ke, kin san abin da ake nufi da med: mutum ya daidaita wancan dutse da wancan gini, ya sake daidaita wasu biyu ta wani gefen, inda layukan suka haɗu a kan ruwa, nan ne wurinsa. Kakanki ya ba ni namu a cikin jirgi, da yatsa, ba da baki ba, don kada iska ta kai wa wani. Tun ina yaro na san idan aka tambayi masunci inda ya kamo, amsar da ta dace ita ce a nuna wani gefen. Ba ma kiran wannan ƙarya, ladabi ne, kamar a tambaye ka lafiya ka ce lau.

Sai hannuna ya tafi da kansa ya zana da'ira a yamma da fitila, inda babu komai sai tsohon murhun da kawunki ya jefar. Da kika ɗora yatsa bayan Tsibirin Tumaki kika ce nan fa, na ce ciyawa ce kawai da duwatsu. Amma Ingunn, na kashe miki ido. Na rantse na kashe. Idon hagu, wanda ba ya ɓangaren Oddvar. Na ɗauka za ki koma Bergen ki zana gaskiyar da kanki, tunda kin sha zuwa wurin tare da ni kina ƙarama. Da na ga kalmar nan ta keɓewa, sai na ce shi ke nan, ta gane. Ashe ni ne na tsaya a shago na raba kek don murnar an ba kamfani wurin da kakanki ya ciyar da mu da shi.

Da na gaya wa mamanki, ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan muni. Ta tambaye ni ko na san ina ƙifta wannan idon tun da ƙugiya ta taɓa shi, ko ina gaban fasto ne. Sannan ta ɗauke farantina ta kai wa kyanwar da ta haihu.

Na sake karanta inda kika ce kin tsaya a gaban kowa. Ban iya kai ƙarshen layin ba.

Yanzu ga shawarata, ta mutumin da bai gama makaranta ba. Tunda da fensir na zana, ba za ki samu abin gogewa ki ɗan matsar da da'irar gabas ba? A hankali, ranar da shugaban naki ya fita cin abinci. Ba wanda zai sani sai ni da ke, har med ɗin ma ba sai an faɗa ba.

Babanki, wanda ya fi kifin da ya tafi da wayarsa wauta,
Torleif

*

Tindvika, ƙarshen Maris

Ingunn,

Gaisuwa. Muna lafiya. Mai kawo wasiƙu ya fara gaishe ni daga nesa, don ya gaji da ganina a bakin akwati.

Na ji kin kira mamanki ranar Lahadi. Ina zaune a ɗakin, ina jin muryarki ƙasa-ƙasa. Kun yi maganar hula da ta hawan jini. Na yi tari don a san ina nan, ba a miƙo min wayar ba.

Na aiko miki da busasshen kifi, na bara, mai kyau. In ba ki son ci, yana da amfani wajen buga kan mutum, kin san inda nawa yake.

Shirun nan na fassara shi kala-kala. Wata rana in ce kina can kina goge da'irar ne, ba ki son a kama wasiƙa. Wata rana in ce wasiƙata ce ba ta isa ba, sai in ji daɗi, sannan in ji kunyar jin daɗin. Maganar abin gogewa, ki yi kamar ban rubuta ba.

Baba

*

Bergen, Afrilu

Baba,

Ina gaishe ku. Kifin ya iso, na gode. Ina lafiya.

Ban goge komai ba. Washegarin da wasiƙarka ta zo na kai wa shugabana labarin yadda yake. Bai ce ai ya gaya min ba, ya dai cire gilashinsa ya goge. An ɗauke ni daga aikin gaɓarmu, an mayar da ni lissafin jiragen dakon kaya. An kuma dakatar da taswirorin sauran ƙauyukan, tunda duka da hanyata aka yi su. Mutanen da suka faɗa min gaskiya a can, yanzu ana shakkar tasu ma.

Na ga idon. Na ɗauka ciwon nan ne, har na ce wa Mama ta kai ka a duba.

Ka ce na sha zuwa Tukunya. Haka ne, a kwance a ƙasan jirgi, jirin teku ya kama ni, ba na ganin komai sai sama da takalminka. Sau ɗaya na tambaye ka med ɗin, ina 'yar sakandare. Ka yi dariya ka ce sai ranar da na karɓi jirgin. Ban karɓi jirgin ba, na tafi karatu, kai kuma ba ka sake ɗaga maganar ba. Da na miƙa maka fensir ran nan, na yi zaton a ƙarshe ka ba ni. Na koma Bergen ina jin kamar an ba ni gado.

Ga yadda abin yake yanzu. Taswirar tana hannun ƙaramar hukuma, cibiyarmu ta rubuta musu cewa akwai shakka, amma shakka ba ta hana keji. Za a yi taron jin ra'ayin jama'a a zauren majalisa cikin Mayu. Idan ana son Tukunya ta tsira, sai wani ya tashi a wurin ya faɗi inda take, da med ɗinta, da ƙarfi, a rubuta da sunansa, sannan wasu su tabbatar. Ni ba ni da bakin magana a wurin yanzu.

Ba na cewa ka yi. Wurinka ne, kowa ya gaya min haka.

Ka bar min barkwanci a wasiƙa ta gaba, ba zan iya dariya ba tukuna.

Ingunn

*

Tindvika, ƙarshen Mayu

Ingunn 'yata,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mu lafiya. Kamar kowace shekara a nan arewa, rana ta daina faɗuwa, mutum ba shi da duhun da zai ɓuya a ciki. Kin ce ban da barkwanci. Zan yi ƙoƙari, amma abin da ya faru ba ni na tsara shi ba.

Kin ce sai wasu sun tabbatar, saboda haka kafin taron na tafi wurin Oddvar. Na same shi yana ɗinkin raga. Na tsaya ina juya hula a hannu kamar mai neman aure, na ce masa zan gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Bai ɗago ba, ya ce in Tukunya ce in huta. Sai ya karanto min med ɗin tiryan-tiryan, har da inda ake rage gudu saboda dutsen da ke ƙasa.

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ubansa yana raye, kuma duk ƙauyen an sani. Wai ranar Lahadi da nake tsaye a coci ina ɓata wa ƙungiyar waƙa murya, su suna can suna jefa ƙugiya. Sauran ranaku suna bar min, don wurin gidanmu ne. Shi ya sa da kika zo da fensir kowa ya tura ki wurina: mai wuri ne ke da ikon faɗa. Na ce to me ya hana shi magana ran nan a teburi, yana kallona ina zana murhun kawunki? Ya ce, "Na ɗauka ta sani, Torleif. Wa zai ɓoye wa 'yarsa?"

Ingunn, a duk Tindvika mutum ɗaya ne bai san inda Tukunya take ba, kuma ni na haife ta.

Ranar taron zauren ya cika. Mutanen kamfani suna gaba da rigunansu masu tsabta, ba su yi wa kowa rashin kunya ba, taswira suka bi. Na sa rigar da na sa a bikin ba ki digiri. Na tashi, abin maganar ya yi ƙara, na faɗi sunana ga mutanen da suka san sunan kakana. Na ce da'irar da ke kan bango ni na zana, ƙarya ce, kuma 'yata na yi wa. Na ce ita ba ta yi kuskuren komai ba sai yarda da ubanta. Wani a baya ya tambaya ko yau ma akwai kek, aka yi dariya, na bar su suka gama don suna bi na bashinta. Sannan na faɗi med ɗin. Matar da ke rubutawa ta ce in maimaita a hankali, na maimaita. Abin da kakanki ya ƙi ba iska, na ba lasifika. Oddvar ya tashi ya ce haka ne, wasu ma suka tashi, har da waɗanda ban taɓa zato ba, ciki har da ɗan fasto.

Majalisa ta ɗage hukunci zuwa lokacin kaka, za a aiko jirgi ya duba ƙasan ruwan. Ba a ce mun ci ba, ba a ce mun faɗi ba.

Na rubuta wa shugabanki. Mamanki ta gyara min baƙaƙen, ta kuma cire wurare biyu da na so in ba shi dariya. Ban sani ba ko zai mayar da ke, kuma na san ba ni da abin da zan matsa masa da shi. Mutanen sauran ƙauyukan da na jawo wa shakka, Oddvar ya ce zai kai ni a motarsa in bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Za ki lura ban rubuta miki med ɗin a nan ba. Ba ɓoyewa nake ba, yana cikin takardun majalisa, duk mai so zai karanta, ke ma haka. Amma a can na kowa ne. Naki ban ba ki ba tukuna, kuma ba a bayar da shi a takarda. Ki zo a watan Yuli, lokacin da ruwa yake kwanciya. Na sayi maganin jiri, na gyara miki wurin zama a gaba inda ake ganin duwatsu. Zan nuna miki da yatsa, idanuna biyu a buɗe, in na hagun ya ƙifta ki san ciwon ne.

In ba ki zo a Yuli ba, jirgin yana nan a Agusta. In ba ki zo bana ba, zan sake masa fenti.

Babanki,
Torleif